Yadda Za a Koyar da Darasin Iskar Ozon da Zafin Sararin Sama a Makarantar Ƙauye

Darasin iskar ozon yana cikin darussan da ɗaliban sakandare suke haddacewa ba tare da sun gane shi ba. Idan aka tambayi yaron babbar sakandare a Ringim, ko Rano, ko Birnin Kudu, mene ne aikin ozon, zai ce tana kare mu daga zafin rana, amma ta huje, shi ya sa bazarar yanzu ta fi ta da ƙuna. Farkon amsar yana da ƙamshin gaskiya, ƙarshenta kuwa kuskure ne, kuma sau da yawa daga bakin manya yaron ya ɗauko shi. Wannan bayani an yi shi ne domin malamin kimiyya ko na labarin ƙasa wanda makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji, ba ta da wutar lantarki, amma yana son ɗalibansa su riƙe ƙa'ida ɗaya da za ta warware musu darasin gaba ɗaya: haske yana komawa zafi ne a wurin da aka shanye shi, saboda haka abin da ozon take yi wa zafin iska ya dogara da tsayin da take zaune.

Kayan da ake buƙata ba su wuce igiya mai tsawon mita 10 ba, da tef ɗin tela, da toka ko farar ƙasa ta yin zane, da gwangwanayen madara guda huɗu, da baƙin tukunya, da tambulan na gilashi guda huɗu, da cokali, da tocila, da tsakuwa, da jiƙaƙƙen zoɓo wanda ba a sa masa sukari ba, da ɗan guntun ƙanƙara daga wurin mai sayar da lemo. Idan akwai ma'aunin zafi na ɗakin gwaji, madalla. Na asibiti ba zai yi ba, domin daga kimanin digiri 35 zuwa 42 kawai yake aunawa. Idan babu ko ɗaya, bayan hannu ya isa ya bambance abin da ake son bambancewa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen bazara zuwa farkon damina, a watan Mayu ko Yuni, domin rana tana da ƙarfi da hantsi, kuma da yamma hadari yakan taso ya nuna wa yara abin da allo ba zai iya nuna musu ba.

A fara daga ƙasa, kada a ambaci ozon tukuna

Malami ya fara da tambayar ko akwai wanda ya taɓa zuwa Jos, ko yake da ɗan'uwa direba mai ɗauko dankalin Turawa daga can. Kowa ya san Jos ta fi Kano sanyi. Kano tana kimanin mita 480 sama da teku, Jos kuwa tana kimanin mita 1,200. Sai a tambaye su: tunda Jos ta fi kusa da rana, me ya hana ta fin Kano zafi? A bar su su yi gardama na ɗan lokaci, sa'an nan a rubuta musu a allo cewa nisan rana daga duniya kimanin kilomita miliyan 150 ne, don haka hawan kilomita ɗaya ko hamsin bai rage kome ba daga wannan tazara.

Daga nan a fita fili. A shafe gwangwani ɗaya da baƙin tukunya, a cire wa ɗayan takarda a bar shi yana ƙyalli, a zuba musu ruwa daidai da juna daga randa ɗaya, a rufe bakinsu da kwali, a ajiye su a rana na rabin sa'a. Ruwan baƙin gwangwanin zai fi ɗumi. Rana ɗaya ce ta dake su, kuma nisansu da ita ɗaya ne, bambancin kawai shi ne ɗaya ya shanye hasken, ɗayan ya mayar da mafi yawansa. Yayin da ake jira, a sa yara su taɓa rairayin fili da tafin hannu, sa'an nan su ɗaga hannun zuwa daidai kafaɗa, su faɗi wanda ya fi zafi tsakanin ƙasar da iskar. Hasken rana da muke gani yana ratsa iska ba tare da ta shanye wani abin kirki daga cikinsa ba, ƙasa ce take shanye shi ta yi zafi, ita kuma ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Iskar da ta ɗumama takan yi sama, kuma tana hawa nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe, buɗewar kuma ta sanyaya ta. A matsakaicin lissafi, duk kilomita ɗaya da aka hau zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Idan yara suka yi lissafin tazarar Kano da Jos da wannan adadi za su sami kusan digiri 5.

Zanen igiya

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin, kuma bai kamata a yi gaggawa a kansa ba. A miƙe igiyar a ƙasa, a kafa mata turaku a kai biyu. Kai ɗaya shi ne doron ƙasa, ɗayan kuma tsayin kilomita 50, wato kowane santimita 20 na igiyar yana wakiltar kilomita ɗaya. Yana da kyau malami ya ambaci wani gari ko kasuwa da ke da irin wannan nisa daga ƙauyen, domin yara su ga cewa tazarar da ake magana a kanta tafiyar sa'a guda ce a mota, da a ce mota tana hawa sama. Igiyar kanta ita ce sifilin ma'aunin zafi. Duk taku ɗaya zuwa dama digiri 10 ne sama da sifili, duk taku ɗaya zuwa hagu kuma digiri 10 ne ƙasa da sifili.

A ɗauka zafin ƙasa digiri 30 ne, sai yaro ɗaya ya tsaya taku uku dama da gindin igiyar. Sauran su yi lissafi: a wane tsayi zafin zai kai sifili? Amsar ba ta kai kilomita 5 ba, wato ƙasa da mita ɗaya a jikin igiyar. A nan malami ya tsaya ya tambaye su ko sun taɓa ganin an yi ruwa da ƙanƙara a tsakiyar zafin farkon damina, har ta yayyaga ganyen shuka. Ga inda take fitowa. A ci gaba zuwa kilomita 11, wato mita 2.2, inda jirgin alhazai yake tafiya, za a sami kimanin digiri 40 ƙasa da sifili, kuma duk alhajin da ya lura da allon da ke gaban kujerarsa zai shaida cewa ya ga adadi irin wannan ko wanda ya fi shi sanyi. A kilomita 17, wato mita 3.4, lissafin zai ba da kimanin digiri 80 ƙasa da sifili, taku takwas zuwa hagu. Wannan kuwa shi ne abin da ake aunawa a saman ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, irin Najeriya. A zuba toka a haɗa waɗannan wurare da layi. Wannan hawa na farko shi ne littattafai suke kira tirofosfiya, kuma a cikinsa ne gajimare da ruwan sama da ƙurar hunturu suke.

Yanzu a nemi yara su ci gaba da layin har ƙarshen igiyar da hasashensu. Kusan dukansu za su ci gaba da jansa zuwa hagu, kuma mai ƙoƙarin lissafi zai ce a kilomita 50 za a kai digiri 295 ƙasa da sifili. A bar su su zana shi, domin kuskuren nan yana da amfani. Sa'an nan a gaya musu cewa babu abin da zai iya yin sanyin da ya wuce digiri 273 ƙasa da sifili, don haka lallai lissafin ya karye a wani wuri. Masana ma sun daɗe suna zaton sanyin yana ci gaba da ƙaruwa, har sai da wani Bafaranshe, Léon Teisserenc de Bort, ya yi ta sakin balan-balan ɗauke da ma'aunai daga Trappes kusa da Faris, ya kuma sanar a 1902 cewa daga kimanin kilomita 11 a saman Turai zafin yakan daina raguwa. Wani Bajamushe, Richard Assmann, ya sami irin wannan sakamako a shekarar. A shekarun 1920 kuma aka gano cewa can sama zafin ƙaruwa ma yake yi.

Sai a zana layin gaskiya. Daga taku takwas hagu a kilomita 17, layin ya juyo: kimanin taku biyar hagu a kilomita 25, kimanin taku biyu a kilomita 40, ya dawo dab da igiyar a kilomita 50. Wannan hawa na biyu shi ne sitiratosfiya. Tambayar da za a bar musu su kwana da ita ita ce: idan haske yana zama zafi a inda aka shanye shi, mene ne a can sama yake shanye haske, alhali babu ƙasa babu baƙin gwangwani?

Abin da ke shan haske a hawa na biyu

Kashegari ne ozon za ta shigo. Iskar oksijin da muke shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne manne da juna, ozon kuwa uku ne. Christian Schönbein ne ya fara siffanta ta a Basel wajen 1840, Charles Fabry da Henri Buisson suka tabbatar a 1913 cewa tana da yawa a can sama, Sydney Chapman kuma ya bayyana yadda take samuwa a 1930. Kimanin kashi 90 cikin ɗari nata yana cikin hawa na biyu, kuma ta fi taruwa tsakanin kilomita 20 zuwa 30. Duk da haka ba ta da yawa ko kaɗan, domin ko a inda ta fi yawa ba ta wuce kimanin ƙwaya goma cikin ƙwayoyin iska miliyan ɗaya. Da za a tattaro dukkan ozon da ke saman kan mutum a sauko da ita doron ƙasa a matse ta da nauyin iskar nan, kaurinta ba zai wuce kimanin milimita 3 ba, alhali iskar gaba ɗaya idan aka yi mata haka za ta kai kimanin kilomita 8. A sa kowane yaro ya nemo milimita 3 a jikin rularsa. Wannan kauri shi ake kira ma'aunin Dobson 300, da sunan Gordon Dobson na Jami'ar Oxford, wanda ya ƙera na'urar auna ta daga ƙasa.

Sai bayanin hasken da ido ba ya gani, wanda ake kira altirabayolet. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi yara abin da ke samun yaron mai walda idan ya yi aiki ba tabarau: da dare idonsa ya yi ja, ya riƙa jin kamar an zuba masa yashi, fatar hannunsa kuma ta yi ta saɓa. Ba hasken da ya gani ne ya ƙone shi ba, wani ne da ke tare da shi. Rana ma tana fitar da irinsa, kuma an kasa shi uku. Mafi ƙarfi, wanda ake yi wa alama da harafin C, ba ya isowa ƙasa ko kaɗan. Na tsakiya, mai harafin B, kaɗan daga cikinsa ne yake isowa. Mafi rauni, mai harafin A, yana ratsowa kusan gaba ɗaya. Warin nan mai yaji da ake ji kusa da wutar walda, ko bayan tsawa ta faɗi kusa, na ozon ne. Yara za su ce ai sun san shi, shi ne ƙamshin ruwan farko, sai a gyara musu cewa wancan daga busasshiyar ƙasa yake tashi. Kada malami ya kai yara kallon walda, labarin ya isa.

Da tsakuwa za a nuna abin da Chapman ya bayyana. A jera su biyu-biyu a kan tebur, kowace biyu tana wakiltar oksijin. Haske mafi ƙarfi ya daki wata biyu ya raba ta, kowace tsakuwa ta je ta manne da wata biyu, suka zama uku, an sami ozon ke nan. Haske ya sake dukan ukun, ɗaya ta ɓalle, nan da nan ta sake mannewa da wata biyu. Abin lura a nan, wanda littattafai da yawa suke tsallakewa, shi ne cewa a ƙarshen wannan kai-da-kawo ozon ɗin tana nan ba ta ƙare ba, amma hasken ya ɓace. Ƙarfinsa ya koma motsin ƙwayoyin, suna bugun ƙwayoyin naitirojin da oksijin da ke kewaye da su, kuma saurin motsin ƙwayoyin iska shi ne abin da ma'auni yake karantawa a matsayin zafi. Ana maimaita wannan ba tsayawa a ɓangaren duniya da rana take haskawa, kuma shi ne ya juyo da layin toka zuwa dama.

Ɗalibi mai kaifin hankali zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, idan ozon ta fi yawa a kilomita 25, me ya sa wurin da ya fi ɗumi yake kilomita 50?" Idan ba wanda ya tambaya, malami ya tambaya da kansa, domin a ganina duk wanda ya iya amsa wannan ya gane darasin. Dalilan biyu ne. Na farko, a jera tambulan uku cike da zoɓo a kusurwar aji mai duhu, a haska tocila daga gefe ɗaya. Na farkon zai yi jawur, na biyu ya dushe, na uku da ƙyar haske zai kai gare shi. Ozon ɗin da ke can ƙoli, duk da ƙarancinta, ita ce take fara karɓar hasken da cikakken ƙarfinsa, abin da ya rage ne yake gangarowa ƙasa. Na biyu, a shafe gwangwanaye biyu da baƙin tukunya, a cika ɗaya da ruwa, a zuba wa ɗayan cokali biyu kawai, a ajiye su a rana. Mai ɗan ruwan zai riga ɗumi. A kilomita 50 nauyin iska kimanin kashi ɗaya cikin dubu ne na nauyinta a ƙasa, saboda haka ɗan ƙarfi kaɗan ya isa ya ɗaga zafinta sosai. Sama da nan ozon takan yi ƙaranci ƙwarai, sai sanyi ya dawo, har ya kai kimanin digiri 90 ƙasa da sifili a wajen kilomita 85.

Murfin da ke kan hadari

Amfanin wannan ɗumi ga mutumin da ke ƙasa ya wuce tare haske mai ƙuna. A zuba ruwan ƙanƙara rabin tambulan, a ɗan ɗumama zoɓo, a kifa cokali a bakin ruwan a riƙa tsiyaya zoɓon a hankali ta bayansa. Jan zai kwanta a sama, farin ruwan ya zauna a ƙasa, kuma za su daɗe a haka. Idan zoɓon yana da sukari gwajin zai lalace, domin sukarin zai ƙara masa nauyi ya nutse. Sai a juya: ruwa mai ɗumi a ƙasa, zoɓo mai sanyi a sama. Nan take jan zai gangara ya gauraye da kome. Hawa na farko irin tambulan na biyu ne, ana ɗumama shi daga ƙasa, don haka kullum a birkice yake. Hawa na biyu irin tambulan na farko ne, ɗuminsa daga sama yake, don haka a natse yake. Yara sun ga ƙaramin samfurin wannan da asubahin hunturu, lokacin da hayaƙin murhu yake tashi kaɗan ya shimfiɗu a kan rufin gidaje ya ƙi yin sama, domin ƙasa ta huce cikin dare, iska mai sanyi ta kwanta a ƙarƙashin mai ɗumi.

Aikin gida shi ne kowa ya dubi gabas da la'asar a ranar da hadari ya haɗu daga nesa, ya zana siffarsa. Zai ga gajimaren ya yi ta toho yana hawa, sa'an nan can ƙoli kansa ya baje ya yi faɗi kamar uwar maƙera. Iskar da ke cikin hadarin tana hawa ne muddin ta fi ta kewayenta ɗumi, da ta iso iyakar hawa na biyu sai ta tarar da iskar da ta fi ta ɗumi, ta kasa wucewa, ta bazu gefe. Sanyin da ke wannan iyaka yana kuma daskarar da kusan dukkan tururin ruwan da ya hau, shi ya sa hawa na biyu yake a bushe ƙwarai.

Ozon ɗin da ke kusa da mu

Sauran kimanin kashi 10 cikin ɗari yana cikin hawa na farko, kuma aikinsa dabam ne. Ba wata na'ura da take fitar da mafi yawansa kai tsaye. Yana samuwa ne idan hasken rana ya daki hayaƙin babura da motoci da janareta da injin ban ruwa, da hayaƙin ƙona daji da sharar gona da tattakar shinkafa, haɗe da iskar metan da ke fita daga cikin dabbobi da fadamun shinkafa. Shi ya sa yake ƙaruwa a saman Afirka ta Yamma a lokacin rani, sa'ad da ƙone-ƙone suka yi yawa. A nan ƙasa hasken altirabayolet mai ƙarfi ya riga ya ƙare, don haka abin da ozon take kamawa shi ne hucin da ƙasa take mayarwa sama. Don a fahimtar da yara wannan, a tuna musu bambancin daren hunturu, da iska take a bushe, ƙasa ta saki zafinta har a nemi bargo, da daren damina mai gajimare, da zafin yake tsayawa a kasa barci a ɗaki. Ozon tana cikin iskokin da ke tare wannan huci, kuma ta fi yin tasiri idan tana saman hawa na farko inda ake tsananin sanyi. A rahoton kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021, an ƙiyasta cewa daga 1750 zuwa 2019 ƙarin iskar kabon dayoksaid ya ƙara wa kowace murabba'in mita ta duniya ƙarfin ɗumamawa na wat 2.16, metan 0.54, ozon kuma 0.47, wato ita ce ta uku. Ban da ɗumama, tana ƙona huhu, tana tayar da asma, kuma tana shiga ƙofofin ganye ta rage amfanin gona. Alkama da wake da waken suya suna cikin waɗanda ta fi cutarwa, abin da ya kamata 'ya'yan manoman rani na Kadawa da kwarin Haɗeja su ji.

Sai a komo kan hujin da ake yawan magana a kansa. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi cewa sinadaran CFC da ake ɗura wa firji da gwangwanin feshi suna hawa har hawa na biyu, haske ya fasa su, kulorin ɗin da ke cikinsu ya fita, ƙwayarsa ɗaya ta lalata dubban ƙwayoyin ozon. A 1985 Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka bayyana raguwa mai tsanani da suka auna a tashar Halley da ke Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya. Abubuwa uku ya kamata su zauna a kan yara. Hujin ba rami ba ne, yanki ne da ozon ta yi ƙasa da ma'aunin Dobson 220. Yana bayyana ne a saman Antaktika, galibi daga Satumba zuwa Oktoba, domin can ne sanyin hawa na biyu yake wuce digiri 78 ƙasa da sifili har wani irin gajimare ya samu wanda yake taimaka wa kulorin. Na ukun shi ne wanda yara za su iya fitarwa da kansu daga ƙa'idar da suka koya: idan mai shan haske ya ragu, wurin zai yi sanyi. Haka kuwa aka auna, raguwar ozon ta sanyaya ƙasan hawa na biyu, kuma ƙarin hasken altirabayolet da ya ratso bai kai yawan da zai ɗumama doron ƙasa ba, illarsa ga fata da ido da tsirrai take. Ɗumamar da ake fama da ita daga iskokin da ke tare huci take. Inda batutuwan biyu suka haɗu shi ne su kansu sinadaran CFC suna tare huci da ƙarfin gaske.

An sa hannu kan Yarjejeniyar Montiriyal a ranar 16 ga Satumba 1987, wadda ita ce ranar da ake tunawa da ozon kowace shekara, kuma Najeriya ta shiga a 1988. Wa'adin daina amfani da CFC ga ƙasashe masu tasowa ya cika a farkon 2010. A 2016 aka yi gyaran Kigali domin rage sinadaran HFC da suka maye gurbinsu, waɗanda ba sa taɓa ozon amma suna ɗumama duniya. Ƙiyasin masana da aka fitar a farkon 2023 ya nuna cewa ozon za ta koma matsayinta na 1980 wajen 2040 a mafi yawan duniya, wajen 2045 a saman Aktik da ke ƙarshen arewacin duniya, wajen 2066 a saman Antaktika.

Wajen jarrabawa, tambayar haddar shekaru ba ta nuna wanda ya gane. Gara a ba yaro zanen layin zafi a ce ya sake zana shi yadda zai kasance da babu ozon a hawa na biyu, ya kuma faɗi dalilinsa. Wanda ya goge kumburin da ke kilomita 50, ya ce babu mai shanye hasken a can, ya cancanci cikakken maki ko da Turancinsa ya karye.

Idan lokaci ya rage, a nemi izinin mai shagon lemo, ko mai gyaran firji a ranar kasuwa, a kai yara rukuni-rukuni su karanta takardar da ke manne a bayan firji ko a jikin kwampreso, ba tare da sun taɓa waya ko bututu ba. A can ake rubuta irin gas ɗin da ke ciki da nauyinsa a giram. R-12 shi ne tsohon CFC, yana lalata ozon, kuma kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya fiye da kilo 10,000 na kabon dayoksaid a cikin shekara ɗari. R-22, wanda aka fi samu a tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki, ɓarnarsa ga ozon kaɗan ce idan aka kwatanta, kuma ana kan janye shi. R-134a ba ya taɓa ozon, amma ɗumamarsa ta haura ta kabon dayoksaid sau fiye da 1,000. R-600a, wanda yake cikin yawancin sababbin firji, ba shi da ɗayan matsalolin biyu a wani mizani mai yawa, sai dai yana kama wuta, don haka mai gyara ba ya kusantar da shi ga harshen wuta. Kowane rukuni ya rubuta lambar gas ɗin da nauyinsa, su dawo aji su ninka nauyin da adadin ɗumamarsa, su ga nawa ne kwatankwacin kabon dayoksaid da zai shiga iska idan aka huda bututun wannan firji aka bar gas ɗin ya tsere.